Jirage biyu a fili ɗaya, babu hasumiya: wa ke raba su?

"Assalamu alaikum. Ni ma'aikaciyar jinya ce, 'yar Garwa, amma aiki ya kai ni gabashin Chadi, wajen sansanonin 'yan gudun hijirar Sudan. Daga Abeshe ƙaramin jirgi muke hawa zuwa wurin aiki. Makon jiya muna gab da sauka sai direbanmu ya ƙara wuta ya ja mu sama ba zato. Ina leƙawa ta taga sai ga wani jirgi ya wuce ta ƙarƙashinmu, har ina ganin rubutun jikinsa. Muka zagayo muka sauka lafiya. Filin nan ba shi da hasumiya, ba kowa a wurin sai mai gadi da mai korar awaki. Wa ke raba jirage a irin wannan wuri? Sakacin direbanmu ne ko na ɗayan? Kuma in ci gaba da hawa ko in koma bin mota?"

Wa alaikumus salam, Malama. Barka da arziki, Allah Ya ƙara tsarewa. Abu uku kika tambaya: wa ke da alhakin raba jirage inda babu hasumiya, laifin wa ne abin da kika gani, sannan ko tafiyar ta cancanci ki ci gaba da ita. Na jima ina tuƙa ƙananan jirage tsakanin Njamena, Abeshe da filayen ƙasa na gabas, kafin koyarwa ta fi yawa a aikina, don haka irin filin da kike magana a kai na san ƙurarsa.

Amsar ta farko ba ta da daɗin ji, amma ita ce gaskiya: babu mai raba su sai direbobin da kansu. Kada ki ɗauka wannan talaucin ƙasashenmu ne. A Amurka akwai filayen jirgi na jama'a kusan 5,000, masu hasumiya a cikinsu ba su wuce 500 da 'yan kai ba. Yawancin filayen duniya haka suke. A yankinmu hukumar ASECNA, wadda aka kafa a 1959 kuma hedikwatarta ke Dakar, ita ke kula da sararin samaniyar Chadi da Kamaru, ita ke da ma'aikata a hasumiyar Njamena da ta Garwa. A irin waɗannan wurare mai hasumiya umarni yake bayarwa: kai jira, kai sauka, kai zagayo. Akwai matsakaitan filaye inda za ki tarar da ma'aikaci da rediyo, amma nasa labari ne kawai, ya gaya maka iska daga ina take da jirgin da ya san da zuwansa, hukunci na direba ne. Sai kuma mataki na ƙasa, irin filinku, inda rediyon ƙasa ma babu.

Abin da ke tsaye a madadin hasumiya

Ba a bar abin kara zube ba. Dokokin hukumar jiragen sama ta duniya, ICAO, sun tsara yadda ake shiga fili, kuma kowane ɗalibin tuƙi ya haddace su tun kafin a bar shi ya tashi shi kaɗai. Jirgin da zai sauka ba ya faɗo wa titin daga duk inda ya ga dama. Akwai zagaye mai kusurwa huɗu da ake yi a kewayen titin, galibi a tsayin ƙafa 1,000 daga ƙasa, wato wajen mita 300, kuma duk kwana ta hagu ake yin ta sai in takardar filin ta ce akasin haka. An zaɓi hagu ne saboda direba a kujerar hagu yake zaune, titin yana gefensa yana kallonsa. Ki ɗauke shi kamar shataletale: muddin kowa ya shigo ta inda ake shiga ya bi hannun da ake bi, ko babu ɗan sanda ana wucewa, kuma kowa ya san inda zai duba ya ga ɗan'uwansa. Bayan haka akwai dokar wa zai ba wa hanya. In jirage biyu suka fuskanci juna, kowa ya kauce dama. In hanyoyinsu za su gitta, wanda ke hannun dama shi ke da hanya. In duka biyun sauka za su yi, na ƙasa shi ke gaba, amma doka ta hana mutum ya nutso ƙasa da gangan don ya yanke wa wanda ya riga ya miƙe wa titin.

Sai rediyo. Akwai tasha ɗaya da duk mai zuwa filin ya kamata ya kama, ya riƙa faɗar inda yake ko da babu mai amsa masa. Ni yadda nake yi, kuma yadda nake koyarwa, tun ina da saura minti goma nake fara magana: sunan filin, irin jirgina, ta wace kusurwa nake zuwa, tsayina, da minti nawa ya rage. In sake faɗa ina saman fili, in sake ina gefen titi, in sake lokacin kwana ta ƙarshe, in sake bayan na fita daga titin. Sunan filin nakan faɗa a farko in maimaita a ƙarshe, domin filaye da yawa tasha ɗaya suke amfani da ita, kuma wanda ya kama maganata daga tsakiya ya san ko da shi nake.

Duk wannan tsari a kan abu ɗaya ya dogara, wato ka gani ka kauce. A nan gizo ke saƙar.

Ido ba ya ganin abin da ba a gaya masa ba

Mutane suna zaton sama fili ce fetal, jirgi kuma babban abu ne, ta yaya za a ce ba a gan shi ba? Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A sama kam, sau da yawa bai sani ba.

Na farko, jirgin da zai yi karo da kai shi ne wanda ya fi wuyar gani. In hanyoyin jirage biyu za su haɗu a wuri ɗaya a lokaci ɗaya, kuma kowa na tafiya a miƙe, to ɗayan ba ya motsi a gilashinka. Yana nan a wuri guda, ɗan ɗigo, ba ya zuwa hagu ba ya zuwa dama. Idon ɗan Adam kuwa motsi yake kamawa da gefensa. Jirgin da ke ratsa gilashi yana tafiya, wanda ido ke saurin cafkewa, wannan ba zai same ka ba. Wanda ya tsaya cik shi ne naka. Kuma ba ya girma a hankali yadda za ka lura. Ya daɗe yana ɗigo, sai a daƙiƙun ƙarshe ya cika gilashin gaba ɗaya. Shi ya sa nake matsa wa ɗalibai su wanke gilashi da hannunsu kafin tashi. Gawar ƙwaro ɗaya da ta bushe a gilashi ta isa ta rufe jirgin da ke nisan kilomita biyu, haka ma ƙarfen da ke raba gilashin gaba da na gefe.

Na biyu, lokaci. Hukumar jiragen saman Amurka, FAA, ta ƙiyasta cewa daga sanda ido ya faɗa kan abu, zuwa a gane jirgi ne, a gane hanyarku ɗaya, a yanke shawarar inda za a kauce, hannu ya motsa, jirgin ya amsa, ana bukatar daƙiƙa 12.5. Mu yi lissafi. Jirage biyu, kowanne na gudun kilomita 220 a awa, suna fuskantar juna. Tazarar da ke tsakaninsu na raguwa da mita 120 da wani abu a kowace daƙiƙa. A cikin daƙiƙa 12.5 sun cinye kilomita ɗaya da rabi. Wato in ba ka gan shi tun yana nesa da haka ba, ganin bai amfane ka da komai ba.

Na uku, in babu abin da ido zai kama a nesa, kamar cikin hazo ko farar sama, yakan saki jiki ya tsaya a kan tazarar da ba ta wuce 'yan mitoci ba. Direba na kallon waje, yana jin yana dubawa, alhali idonsa bai wuce hancin jirgi ba. Maganinsa shi ne a riƙa duba sama yanki-yanki, a tsaya a kowane yanki kamar daƙiƙa guda, a riƙa kai ido kan wani abu mai nisa a ƙasa don ya sake saiti. Ana koyon wannan, kuma ana mantawa da shi in gajiya ta zo.

Sai ginin jirgin kansa. Cessna Caravan, wanda ya fi yawa a filayen gabas, fukafukansa a sama suke, don haka direbansa na ganin ƙasa sarai amma abin da ke samansa a rufe yake, kuma in ya yi kwana fiffiken na rufe masa ɓangaren da yake juyawa. Jirgi mai fukafukai a ƙasa akasin haka ne. Ki haɗa su a miƙewar ƙarshe zuwa titin sauka, mai fiffiken ƙasa a sama yana gangarowa, mai fiffiken sama a ƙarƙashinsa: babu mai iya ganin wani ko da kowa ya buɗe ido iya ƙarfinsa. Binciken haɗurra a ƙasashen da ke tara alƙaluma ya daɗe yana nuna abu ɗaya, cewa yawancin karon ƙananan jirage da rana tsaka yake faruwa, sama a washe, kusa da fili, kuma sau da yawa ba taho-mu-gama ba ne, mai sauri ne ke cim ma marar sauri ta baya ko ta sama.

Abin da ke sauya lissafin nan shi ne a gaya wa ido inda zai duba. Wani rahoto da masu binciken haɗurran jirage na Ostareliya suka fitar a 1991 ya nuna cewa direban da aka sanar da shi akwai jirgi a wuri kaza ya fi wanda ke dube-dube kawai damar ganinsa har kusan ninki takwas. A ganina dukan maganar a nan take. Rediyo ba ya raba jirage, amma shi ke mai da makahon dube ya zama nema.

Abin da ya ƙara wa namu yankin nauyi

Filayen gabashin Chadi ba a gina su don cunkoso ba. Tun rikicin Darfur na 2003 jiragen agaji ke zirga-zirga a Farshana, Iriba da Goz Beida, sannan yaƙin da ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 ya turo dubban ɗaruruwan mutane ta Adre, aikin ya ninka. Cunkoson ma ba na yini duka ba ne. Kowa so yake ya tashi da safe, kafin zafi ya rage wa injin da fiffike ƙarfi, kuma da damina kafin hadarin yamma ya haɗu. Sai ki ga fili ya wuni shiru, amma a cikin rabin awa guda jirage uku sun nufo shi. Mai zuwa daga Abeshe da sassafe kuma gabas ya dosa, rana na cikin idonsa.

Daga Nuwamba zuwa Maris ga hazo. Abin da ke yaudara game da hazo shi ne kana iya ganin ƙasa a ƙarƙashinka tar, ka ɗauka gani lafiya lau, alhali a gabanka farin jirgi ya narke cikin farar ƙura.

Akwai kuma abin da mai korar awakinku ke tunatar da ni. A filin da ba shinge, direba yakan bi ta saman titin ya duba ko akwai jaki, raƙumi, yara masu ƙwallo, ko inda ruwa ya kwanta ya yi taɓo, ya kuma nemi hayaƙi ko tsumman iska don ya san ta inda zai sauka. A wannan minti idonsa da hankalinsa duk a ƙasa suke. In jirage biyu suka iso tare, duka direbobin ƙasa suke kallo. In iska ta kwanta kuma, wannan na iya zaɓar sauka daga gabas, wancan daga yamma, kowa da hujjarsa.

GPS ma ya kawo nasa. Da can kowa da ɗan kuskurensa, wannan ya karkata kilomita biyu arewa, wancan kudu, kuskuren kansa na raba mu. Yanzu mai tafiya da mai dawowa a kan zare ɗaya suke, ba ko karkata. A can sama doka ta raba su da tsayi, masu nufar gabas da masu nufar yamma kowa da matakinsa, amma mai hawa da mai gangarowa dole su ratsa matakan juna, kuma kusa da fili ake wannan. Ni nakan ɗan goce dama da layin in na kusa. Tsayin ma sai an yi hattara, domin ma'aunin tsayi da nauyin iska yake aiki, kuma inda babu mai ba ka awon filin, kowa da lambar da ya saita. Bambancin maki ɗaya a saitin na kawo kusan ƙafa 30. In ya kai maki goma, biyu na iya faɗar tsayi daban a rediyo alhali kusan kafaɗa da kafaɗa suke.

Harshe kuma ba ƙaramin abu ba ne. A sararinmu ana magana da Faransanci ana yi da Turanci. Direban da aka ɗauko haya daga wata ƙasa mai Turanci zai ji an yi magana da Faransanci, ya san dai akwai wani, amma bai san ina yake ba. Na taɓa shiga zagayen wani fili na yi kira har na gaji ba amsa, ina kwana ta ƙarshe sai ga jirgi mai saukar ungulu ya taso daga bayan itatuwa ya gitta gabana. Da muka haɗu a ƙasa, ashe shi ma yana ta kira, a wata tasha daban da aka ba shi a takardar aikinsa.

Ko rediyon na aiki, ba a gama ba

Misali biyu nake ba ɗalibai. A ranar 19 ga Nuwamba 1996, a filin Quincy da ke jihar Illinois a Amurka, wanda ba shi da hasumiya, jirgin fasinja Beech 1900 na sauka, wani jirgin King Air kuma na shirin tashi a titin da ya gitta nasa. Masu sauka suka tambaya a rediyo ko na ƙasan zai jira. Aka amsa musu cewa ana jira, amma wanda ya amsa direban wani jirgi na uku ne da ke bayan King Air ɗin. Suka haɗu a mahaɗar titunan, mutum 14 suka rasu. Amsa ta zo, ba daga wanda aka tambaya ba.

Na biyun ya fi kama da naki. A ranar 18 ga Agusta 2022, a Watsonville ta jihar Kalifoniya, wani ƙaramin Cessna 152 na cikin zagaye yana atisayen sauka, sai Cessna 340 mai inji biyu ya taho kai tsaye daga nesa ba tare da shiga zagayen ba, da gudun da ya kai kilomita 330 a awa, fiye da ninki biyu na gudun ƙaramin. Duka biyun sun yi magana a rediyo, kowa ya ji kowa. Na ƙaramin ma ya ce ya hango shi a bayansa zai fasa sauka. Bai tsira ba, mutum uku suka mutu. Shigowa kai tsaye ba haramun ba ce, kuma tana rage mai da minti uku ko huɗu, shi ya sa direbobi ke son ta. Ni dai ra'ayina a fili yake: a filin da ka ji muryar wani, ko kake zaton akwai wani, shiga zagaye kamar kowa, ka rage gudu.

To na'ura fa?

Manyan jirage na ɗauke da TCAS, na'urar da ke hango jirgin da ke kusa har ta ce wa direba hau ko sauka. Dokar ICAO ta wajabta ta ne ga jirage masu injin turbin da suka wuce kilo 5,700 ko suke ɗaukar fasinja fiye da 19. Caravan bai kai kilo 4,000 ba, don haka bai shiga wajibcin ba, ko da yake kamfanoni da yawa na saka masa wata mai nuna jiragen kusa a allo. Amma duk irin waɗannan na'urori suna ganin jirgin da ya kunna tasa na'urar bayyana kai ne kawai. A ranar 30 ga Yulin 1998, a gaɓar Quiberon ta Faransa, Beech 1900 ya yi karo da ƙaramin Cessna wanda tasa a kashe take, mutum 15 suka mutu. Sannan ita TCAS ɗin, in an sauko ƙasa da kimanin ƙafa 1,000, takan daina ba da umarnin kaucewa, don kada ta tura jirgi cikin ƙasa. Wato daidai inda kika ga abin da kika gani, nan ne na'urar ta fi rauni. Tana da amfani ƙwarai, ina son ganinta a kowane jirgi, amma na ga matasan direbobi da suka mai da ido kan allo suka bar taga, su ɗauka abin da allo bai nuna ba babu shi.

Gina hasumiya a kowane fili kuwa ba mai yiwuwa ba ne, kuma ba shi ne ya fi gaggawa ba. Abin da zai fi tasiri da kuɗi kaɗan shi ne duk masu amfani da fili su yarda da tasha ɗaya a rubuce, a horar da mutum ɗaya a ƙasa a ba shi rediyon hannu, masu tsara jadawali na ƙungiyoyi daban-daban su riƙa gaya wa juna lokutansu don a bar minti goma sha biyar tsakani, kowa kuma ya kunna fitilun sauka tun daga nesa ko da rana ce.

Naki lamarin

Ban kasance a jirgin ba, don haka ba zan ɗora wa kowa laifi daga wasiƙa ba. Amma abin da kika kwatanta, ƙara wuta da hawa da zagayowa, shi ne ainihin abin da ake koya wa direba ya yi. Fasa sauka ba alamar sakaci ba ce. Direban da nake tsoro shi ne wanda ya ga abu bai yi masa ba ya ce bari dai in ƙarasa. Tambayar da ta rage ita ce me ya sa aka kai ga haka: wani bai yi kira ba, ko tashoshinsu sun bambanta, ko wani ya shigo kai tsaye, ko sun zaɓi kusurwoyi biyu na titi ɗaya. Mai yiwuwa ne ma direbanku ya san da ɗayan tun da wuri, yana kallonsa, ya ga tazarar ba za ta isa ba ya ba shi hanya. Daga kujerar fasinja nisa na yaudara. A ma'aunin FAA, ana lissafa abu a matsayin saura ƙiris a yi karo in tazarar ta gaza ƙafa 500, kimanin mita 150. In har kin karanta rubutun jikinsa da gaske, to abin ya kai a rubuta shi.

Batun komawa mota, ba zan ba ki wannan shawarar ba. Kin fi ni sanin hanyoyin nan da damina, yadda kwari ɗaya in ya kawo ruwa zai tsare mota kwana da kwanaki, ga matsalar tsaro, ga nisan asibiti in an yi haɗari. Karon jirage a sama abu ne da ba kasafai yake faruwa ba. In kina cikin jirgi kuma kika hango wani, ki nuna wa direba ko mataimakinsa da hannu, kada ki ce ai sun gani. Ni ban taɓa jin haushin fasinjan da ya nuna mini jirgi ba. Sai dai a bar su da hira daga sanda aka fara gangarowa.

Abin da nake roƙonki shi ne ki rubuta rahoto tun abin bai dushe miki ba. Ki sa rana da lokaci, sunan filin, gefen da kike zaune, ta inda ɗayan ya ɓullo da inda ya nufa, launinsa, fukafukansa a sama suke ko a ƙasa, da duk harafin da kika iya karantawa a jikinsa. Ki miƙa wa mai kula da tafiye-tafiye na ƙungiyarku, ki ce a kai wa jami'in kiyaye haɗurra na masu jirgin, su kuma suna da hanyar isar da shi ga hukumar jiragen sama ta Chadi, ADAC. Mai yiwuwa direban ya riga ya rubuta nasa, sai a haɗa da naki a gane ko tasha ce ta bambanta ko jadawali ne ya haɗu.